MECC: Tarihin kamfanin wasannin koyarwa da gwamnati ta kafa, 'yan kasuwa suka yi ta miƙa wa juna

MECC sunan wata hukuma ce da gwamnatin Jihar Minnesota ta ƙasar Amurka ta kafa a shekarar 1973 domin kai amfanin kwamfuta makarantun jihar. Daga baya ta rikiɗe ta zama kamfanin ƙera wasannin kwamfuta na koyar da yara, kuma ita ce ta yaɗa wasan The Oregon Trail, wanda aka ƙiyasta an sayar da kwafinsa fiye da miliyan 65. Cikakken sunanta na farko shi ne Minnesota Educational Computing Consortium, wato gamayyar cibiyoyin ilimin jihar a kan harkar kwamfuta. Ta yi shekara 26 a duniya. A shekara 18 na farko tana hannun gwamnati, a shekara 8 na ƙarshe kuwa ta sauya iyayengiji har sau uku, kafin a rufe ofisoshinta a 1999. Wasanninta sun ci gaba da yawo daga hannu zuwa hannu bayan haka, kuma har yau ba su daina ba.

Asali

Minnesota jiha ce mai tsananin sanyi a arewacin Amurka, a kan iyakar Kanada. A shekarun 1960 manyan kamfanonin kwamfuta irin su Control Data da Univac da Honeywell suna da masana'antu a yankin Minneapolis da St. Paul, IBM kuma tana da tata a garin Rochester. Wannan ya sa malaman makarantun jihar suka riga takwarorinsu na wasu wurare sanin na'urar. Kwamfuta a wancan zamani ƙatuwar aba ce mai cika ɗaki, ba makarantar da za ta iya mallakar tata. Dabarar da aka yi ita ce a ajiye uwar na'ura guda a birni, kowace makaranta a ba ta wata 'yar na'ura mai kama da tafireta wadda aka haɗa da uwar ta layin tarho. Ɗalibi ya buga umarni, uwar na'ura ta ba da amsa, amsar ta fito a rubuce a kan doguwar takarda. Ba allo, ba hoto, ba sauti sai ƙarar bugawa.

Makarantun birni sun fara cin wannan moriya tun ƙarshen shekarun 1960, na karkara kuwa aka bar su a baya. Domin cike wannan giɓi ne aka kafa MECC, aka ɗora mata aikin tsara harkar kwamfuta tun daga firamare har jami'a, ta yadda yaron ƙauye zai samu abin da na birni ke samu. Ta girke babbar na'urarta ƙirar Univac, wadda aka maye gurbinta da ta Control Data a 1977, kuma ta buɗe rumbun da malamai ke zuba ƙananan manhajojin da suka rubuta domin kowa ya ɗauka kyauta. Daga cikin wannan rumbu ne wasan da ya ɗaukaka sunanta ya fito, ko da yake ya girme ta da shekara biyu.

Wasan ayari

A ƙarshen 1971 wasu ɗalibai uku na Kwalejin Carleton, Don Rawitsch da Bill Heinemann da Paul Dillenberger, suna aikin gwajin koyarwa a makarantun Minneapolis, suna kuma zaune a gida ɗaya. An ba Rawitsch darasin tarihi a kan ƙaurar da Turawan Amurka suka yi zuwa yammacin ƙasar a ƙarni na 19. Ya fara zana taswira da niyyar shirya wasan tebur na kati da ƙuri'a, sai abokan zamansa, waɗanda malaman lissafi ne, suka ce a mai da shi na kwamfuta. Cikin kimanin mako biyu suka rubuta shi da harshen BASIC. Ranar 3 ga Disamba 1971 'yan ajin Rawitsch suka fara buga shi.

Wanda ya san labarin fataken da ke tashi daga ƙasar Sakkwato, su bi ta Jega su ƙetare Kwara su nufi Gwanja neman goro, ba zai sha wahalar gane wasan ba. Mai wasa shi ne madugu. Zai tashi daga garin Independence na Jihar Missouri da iyalinsa a amalanken shanu, ya nufi kwarin Willamette a Oregon, tafiyar kusan kilomita 3,500. Tun kafin ya ɗaga ƙafa sai ya raba ɗan kuɗinsa tsakanin shanu da guzuri da tufafi da harsashi. In ya zuba kuɗin duka a abinci, sanyin duwatsu ya kashe shi saboda rashin sutura. In ya matsa wa shanu da sauri, su gaji su mutu. In ya yi nawa, hunturu ya riske shi a hanya. Idan guzuri ya yi ƙasa zai tsaya farauta, kuma a bugun farko ana harbi ne ta hanyar buga wata gajeriyar kalma, saurin hannu da rashin kuskure su ne ke nuna ko an samu nama.

Da zangon karatu ya ƙare aka goge wasan daga uwar na'ura. Abin da ya tsira shi ne takardar da Rawitsch ya buga umarnin wasan a kai ya adana a gida. A 1974 ya samu aiki a MECC, ya ɗauko takardar ya sake shigar da wasan layi bayan layi, kuma a 1975 aka buɗe shi ga makarantun jihar baki ɗaya. A wannan karo ya yi abin da ya bambanta wasan da sauran: ya karanta littattafan tafiya da matafiyan asali suka bari, ya ƙirga sau nawa suke ambaton ruwan sama, ko cuta, ko ɓatan hanya a kowane yanki, sannan ya daidaita yiwuwar aukuwar kowane abu a wasan da abin da ya gani. A nan ne ya lura cewa matafiyan sun fi ambaton taimakon da 'yan asalin ƙasar, waɗanda ake kira Jajayen Indiyawa, suka yi musu fiye da hare-hare, ya kuma sa hakan cikin wasan. A 1978 ya wallafa umarnin wasan gaba ɗaya a mujallar Creative Computing, kowa ya kwafa.

Siffar da duniya ta fi sani ita ce ta 1985, wadda wata tawaga ƙarƙashin R. Philip Bouchard ta sake ginawa daga tushe, da hotuna masu launi. A cikinta tafiyar tana faruwa a 1848. Mai wasa zai zaɓi ya zama ma'aikacin banki daga Boston, ko kafinta daga Ohio, ko manomi daga Illinois. Na farko ya fi kuɗi, na ƙarshe ya fi talauci, amma in manomi ya isa lafiya makinsa ya fi yawa. Zai sa wa 'yan tafiyarsa sunaye, kuma yara sukan sa na abokansu, sai ga allo yana sanar da cewa wane ya kamu da atuni, ko kwalara, ko ƙyanda, ko maciji ya sare shi. A bakin kowane kogi akwai shawara: a kutsa da shanu, ko a toshe kafofin amalanke a mai da shi kamar kwalekwale, ko a biya kuɗin fito, ko a jira ruwa ya janye. Mafarauci zai iya kashe ɓauna mai nauyin gaske, amma ɗan abin da zai iya ɗauka kawai zai kai zango, sauran ya zama asara. Yaro bai haddace shekarar komai ba, amma ya tashi ya san dalilin da ya sa tafiyar ta ci rayuka, ya kuma yi lissafin kuɗi da na nisa ba tare da an ce masa darasin lissafi ake yi ba.

Apple da lasisin kwafa

A 1978 MECC ta yanke shawarar da ta sauya tarihinta da na wani kamfani ma. Ƙananan kwamfutoci na kan tebur sun fara fitowa, sai ta nemi kamfanoni su kawo tayi, ta zaɓi Apple II, ta yi odar guda 500. Apple a lokacin ƙaramin kamfani ne da bai wuce shekara biyu da kafuwa ba. Tun da makarantun Minnesota suka rungumi na'urar, kuma MECC ta juye manhajojinta zuwa faifan da Apple II ke karantawa, sai makarantun sauran jihohi suka bi sahu, domin inda manhaja take can ake sayen na'ura. Wannan yana cikin dalilan da suka sa Apple ta mamaye azuzuwan Amurka tsawon shekarun 1980.

Hanyar da MECC ta bi wajen rarraba kayanta ta cancanci a tsaya a kanta. Makarantun Minnesota suna samu kyauta ko a kan ɗan kuɗi kaɗan. Hukumomin ilimi na wasu jihohi kuwa suna biyan kuɗin zama mamba sau ɗaya a shekara, a aiko musu da faifan asali, su kwafa iya adadin da suke so. Malami ba ya fargabar cewa faifai ɗaya zai lalace a hannun yara, kuma ba a ƙirga masa yawan ɗalibai. Da haka wasanni irin su Number Munchers na lissafi, da Word Munchers na sautin kalmomi, da Lemonade Stand na koyon saye da sayarwa, suka shiga dubban makarantu.

Shugaban makarantar sakandare a Tambuwal ko Kebbe, wanda tun 2015 ya zame masa dole ya shirya ɗalibansa su rubuta jarrabawar JAMB a kan kwamfuta, ya san bambancin da ke tsakanin wannan tsari da na yau. Manhajojin koyarwa na zamani yawancinsu haya ake ba da su: ana biya duk wata ko duk shekara, a kan kowace na'ura ko kowane ɗalibi, kuma da yawansu ba sa aiki sai da intanet. Ranar da aka daina biya, ko kamfanin ya rufe, ko sabon mai shi ya ga kasuwar ba ta da riba, darasi ya tsaya. Faifan MECC kuwa in ya shiga makaranta ya zama nata.

Daga hukuma zuwa haja

Nasarar ce ta jawo matsalar. Kuɗin da ke shigowa daga wasu jihohi ya kai MECC ga iya riƙe kanta, uwar na'urar da aka kafa ta dominta kuma ta zama tsohon yayi, aka kashe ta a 1983. Majalisar jihar ta mai da hukumar kamfani mallakar gwamnati, kalmar ƙarshe ta sunanta ta koma Corporation, aka yanke mata tallafi. Kamfanoni masu zaman kansu suna ƙorafin cewa gwamnati na gogayya da su a kasuwa, shugabannin MECC su ma suna ganin ƙa'idojin aikin gwamnati na hana su ɗaukar ƙwararru da zuba jari yadda kasuwa ke bukata. A 1991 jihar ta sayar da kamfanin ga wani asusun 'yan jari mai suna North American Fund II a kan dala miliyan 5.25.

A 1994 aka sa hannayen jarinsa a kasuwa. Lokacin ya dace da shigowar faifan CD da kwamfutocin gida, iyaye suna rububin sayen duk abin da aka ce zai ƙara wa yaro ilimi. MECC ta juya fuskarta daga makarantu zuwa kantuna, ta fitar da jerin wasannin tafiya: The Amazon Trail, da The Yukon Trail, da Oregon Trail II, da Africa Trail na 1995, wanda aka gina a kan tafiyar da Dan Buettner da abokansa suka yi a kan kekuna daga arewacin Afirka zuwa kudancinta. Kuɗin shigar kamfanin ya kai kimanin dala miliyan 30 a shekara, kusan kashi ɗaya cikin uku daga The Oregon Trail. A ƙarshen 1995 kamfanin SoftKey ya amince ya saye shi a kan hannayen jari na dala miliyan 370. Abin da gwamnati ta sayar shekara huɗu da suka wuce ya ninka kusan sau 70, kuma ribar ba ta shiga baitulmalin jihar da ta yi renonsa ba. Malaman nan uku da suka ƙirƙiro wasan su ma ba su samu kaso daga cinikinsa ba. An dai karrama su a bainar jama'a a 1995.

Mai karatu a Arewa zai iya tuna wani tarihi mai kama da wannan ta wata fuska. Gwamnati ce ta kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, ita ce kuma ta kafa hukumar NORLA a farkon shekarun 1950 domin samar da littattafan yaƙi da jahilci, saboda ba ɗan kasuwar da zai zuba kuɗinsa a kasuwar da ba a gina ba tukuna. NORLA ta rufe a 1959, kuma a 1966 aka kafa Kamfanin NNPC na buga littattafai da haɗin gwiwar Macmillan ta Birtaniya, wanda ya gaji yawancin littattafan. A wuraren biyu dukiyar jama'a ce ta share fili, kuma tambayar wa ke riƙe da haƙƙin abin da aka samar ta zo daga baya.

Akwai wani tuntuɓe da kamfanin ya yi a wannan tsakani. A 1992 ya fitar da Freedom!, wasan da yaro ke zama bawa baƙar fata mai neman tserewa daga kudancin Amurka zuwa arewa. An nemi shawarar masana, kuma akwai tunani mai zurfi a ciki: idan bawan da kake bugawa bai iya karatu ba, rubutun allunan hanya zai fito maka a hargitse. Sai dai iyaye baƙaƙen fata, musamman a wani gari na Jihar Indiana, sun koka cewa irin maganar da aka sa a bakin bayin ta mai da su abin dariya, kuma 'ya'yansu na shan tsokana a aji. A 1993 MECC ta janye wasan, ta nemi makarantu su mayar da shi ko su lalata. The Oregon Trail ma ya sha suka makamanciyar wannan, domin labarin daga idon masu ƙaura ake ba da shi, mutanen da aka ƙwace wa ƙasa kuwa suna gefen hanya.

SoftKey

Kamfanin da ya sayi MECC ba gidan malamai ba ne. Kevin O'Leary, wanda yau aka fi sani a shirin talabijin na Shark Tank, shi ya kafa SoftKey a Toronto ta Kanada a 1986. A 1994 ya haɗe da WordStar da Spinnaker Software, ya koma Cambridge ta Jihar Massachusetts. Dabararsa ita ce ya ɗauki manhaja tamkar sabulu ko biskit: a sauƙaƙa kwali, a karya farashi, a baza ta a manyan kantuna da shagunan kayan ofis inda jama'a ke wucewa. Ta fuskar mai saye wannan alheri ne, domin abin da ke hannun masu hali ya sauko inda talaka zai iya kaiwa. Amma wasan koyarwa mai kyau yana cin shekara ko fiye, da malamai da masu zane da gwaji a aji, kuma farashin da aka karya ba ya biyan wannan. Mafita ita ce a sayi kamfanonin da suka riga suka yi suna, a rage ma'aikata, a ci gaba da sayar da tsofaffin wasanni cikin sabon kwali.

A shekarar da ya nemi MECC, SoftKey ya kuma kutsa cikin wani ciniki da ba a gayyace shi ba. The Learning Company, kamfanin Kalifoniya da Ann McCormick da Leslie Grimm da Teri Perl da Warren Robinett suka kafa a 1980, mai wasannin Reader Rabbit da Rocky's Boots, ya riga ya shirya haɗewa da Broderbund. SoftKey ya kawo tayin da ya fi, ya ƙwace cinikin a kan dala miliyan 606. A 1996 ya ajiye sunansa ya ɗauki na wanda ya haɗiye, domin iyaye sun fi yarda da shi. Daga nan duk inda aka ga The Learning Company, SoftKey ne cikin rigar aro.

Haɗiyar ba ta tsaya ba. A 1998 ya sayi Mindscape daga hannun Pearson ta Birtaniya a kan dala miliyan 150, alhali Pearson ta biya fiye da ninki uku na wannan kuɗi shekara huɗu kafin nan. Ta wannan hanya ce Mavis Beacon Teaches Typing, manhajar da ɗimbin masu koyon buga rubutu a makarantun kwamfuta na Sakkwato da Kano da Zariya suka yi gwaji da ita, ta shigo gidan. Matar da ke jikin kwalin, wadda mutane da yawa suka ɗauka shahararriyar malama ce, ƙirƙirarriya ce. Ba a taɓa yin wata malama mai wannan suna ba. A shekarar dai ya sayi Broderbund kanta, mai Where in the World Is Carmen Sandiego? da Myst, a kan hannayen jari na fiye da dala miliyan 400, aka sallami ma'aikata kimanin 500. Kafin ƙarshen 1998 yawancin sanannun wasannin koyarwa na Amurka sun taru a hannu ɗaya, a kamfanin da littattafansa ke nuna asara shekara bayan shekara saboda nauyin saye-sayen.

Mattel

A Disamba 1998 Mattel, mai 'yar tsanar Barbie da motocin wasa na Hot Wheels, ta sanar da cewa za ta sayi The Learning Company. Shugabarta Jill Barad ta ga cinikin Barbie ya fara ja da baya, yara suna komawa ga allo, kuma wasan kwamfuta na Barbie da suka fitar a 1996 ya yi kasuwa sosai. An kammala cinikin a Mayu 1999 a kan hannayen jari na kusan dala biliyan 3.6. A wannan shekara aka rufe ofisoshin MECC a Minnesota.

Ba a yi wata shida ba gaskiya ta fito. Maimakon ribar da aka yi alkawari, sashen ya yi asarar kimanin dala miliyan 105 a rubu'i na uku na 1999 kaɗai. Kantuna suna ta maido da kayan da ba su sayu ba, kuɗin talla ya yi yawa, wasannin sun tsufa, intanet kuma ta fara ba yara abin wasa kyauta. Darajar hannun jarin Mattel ta faɗi warwas. O'Leary da abokin aikinsa Michael Perik suka bar kamfanin a Nuwamba, Barad ta sauka a Fabrairu 2000. Masu hannun jari sun kai ƙara suna zargin an ɓoye musu haƙiƙanin halin da kamfanin ke ciki, har da cusa wa kantuna kaya fiye da kima domin ciniki ya yi kyau a takarda. O'Leary ya musanta, ya ɗora laifin a kan yadda Mattel ta tafiyar da sashen da kuma rugujewar kasuwar fasaha. Mattel ta sasanta da biyan dala miliyan 122. Ko wane ne ya fi laifi, cinikin biri a sama aka yi, kuma har yau ana kawo shi misali a makarantun koyon kasuwanci cikin mafi munin saye da aka taɓa yi.

Sabon shugaban Mattel, Robert Eckert, bai ɓata lokaci ba. A ƙarshen 2000 ya miƙa The Learning Company ga Gores Technology Group ba tare da karɓar ko sisi a hannu ba, sai alkawarin kaso daga ribar gaba. Abin da aka ruwaito Mattel ta samu daga baya bai wuce dala miliyan 27 da 'yan kai ba.

Rabon gado

Gores ta yanyanka kamfanin. A 2001 ta sayar da wasannin nishaɗi, har da Prince of Persia da haƙƙin buga Myst, ga Ubisoft ta Faransa. Sashen koyarwa, wanda ya ƙunshi kayan MECC, ya tafi hannun Riverdeep ta ƙasar Ailan a shekarar, Broderbund ta bi shi a 2002. Riverdeep ƙarƙashin Barry O'Callaghan ta ci bashi mai yawa ta sayi tsohon kamfanin littattafan makaranta na Houghton Mifflin a 2006, ta ƙara da Harcourt a 2007, aka samu Houghton Mifflin Harcourt. Bashin ya yi wa sabon kamfanin nauyi har ya nemi kariyar kotu daga masu binsa a 2012, ya fito bayan an sake tsara shi.

A duk tsawon wannan lokaci ba a sake tara tawaga irin ta MECC ba. Masu haƙƙin sun koma ba da hayar sunaye: wani kamfani ya biya ya yi wasan waya, wani ya yi na kati, Netflix ta yi shirin zane na Carmen Sandiego a 2019. A 2021 Houghton Mifflin Harcourt ta sayar da sashenta na littattafan kasuwa ga HarperCollins, reshen News Corp na iyalan Rupert Murdoch, a kan dala miliyan 349, kuma haƙƙin The Oregon Trail da Carmen Sandiego ya bi cikin kayan. Ragowar kamfanin kuma asusun Veritas Capital ya saye shi a 2022.

A 2021 ɗin ne Gameloft ta Faransa ta fitar da sabon The Oregon Trail bisa lasisi. A wannan karo an nemi shawarar masana tarihi 'yan asalin ƙasar, an gyara sutura da maganar mutanensu, kuma a karon farko mai wasa zai iya zama ɗaya daga cikinsu. Tun 2016 aka sa wasan cikin jerin fitattun wasannin kwamfuta na duniya da gidan tarihi na The Strong da ke Rochester ta Jihar New York ke kula da shi, kuma tsofaffin ma'aikatan MECC sun miƙa wa gidan tarin faifai da takardun kamfanin. Tsofaffin siffofin wasan na shekarun 1980 da 1990 suna nan a rumbun Internet Archive, inda duk mai kwamfuta da intanet zai iya buga su ba tare da biyan komai ba.